Orsola Mai Kifi da Gardamar Limaman Roma

A zamanin wani Fafaroma, limaman Roma suka rabu biyu. Wasu suka ce mutum yana da zaɓi, wasu suka ce komai ƙaddara ce. Fafaroma ya ƙi raba gardamar, don kowane ɓangare akwai sarakuna a bayansa.

Sai wata mai tuyar kifi, Orsola, ta cika baki a kasuwa, wai ko ita za ta iya raba musu gardamar. Aka tasa ƙeyarta har gaban Fafaroma, zaure cike da limamai.

Ya ce, "Faɗa mana masu gaskiya. Waɗanda kika ƙaryata, su za su ƙone ki."

Ta durƙusa. "Uba Mai Tsarki, ina da zaɓin yin shiru?"

"Ba ki da shi!"

'Yan ƙaddara suka kaure da sowa: "Ya yanke hukunci! Babu zaɓi!"

Fafaroma ya miƙe a firgice. "A'a, a'a! Tana da zaɓi!"

Ɗaya ɓangaren ma ya ɗauki sowa.

Orsola ta kakkaɓe gwiwoyinta. "To, tunda ina da zaɓi, na zaɓi tafiya gida."

Fafaroma ya share gumi, ya raɗa wa dogarinsa, "Maza buɗe mata ƙofa, kafin ta sake tambayata wani abu."