Dalilin da ya sa busasshen ganye ba ya rufa wa kowa asiri

Dalilin da ya sa in kun taka busasshen ganye yake yin ƙaras har na nesa ya ji, to ba haka Allah ya fara yinsa ba. Ku matso in gaya muku. Ke Tabawa, ajiye gyaɗar nan, ɓara na ce ki yi, ban ce ki ci ba.

A da can, ganye in ya bushe ya faɗi, shiru yake kamar auduga. Giwa ma in ta bi ta kansa ba za ka ji motsinta ba.

A wancan zamani akwai wata tsohuwar Ɗinya a bakin wata fadama. In kaka ta yi, ciyawa ta bushe ta zama ƙaiƙayi, manoma sun kwashe amfaninsu, ba abin da ya rage wa namun daji sai gindin Ɗinya. Nan take zubo da ganye da baƙaƙen 'ya'yanta masu zaƙi, kowa ya zo ya ci ya tafi.

Cikin masu zuwa akwai wata Barewa. Da suna da yawa a gidansu, amma wani maharbi mai suna Mantau ya gano wurin. Shi ba ya wahalar da kansa da bin sawu. Sai ya bari sun sunkuya suna ci, ya tako a kan ganyen nan mara murya har ya zo dab da su, ya ɗana kibiya. Haka ya ɗauke mijin Barewa. Ya ɗauke yayarta. Ya ɗauke 'ya'yanta biyu a kaka ɗaya. Saura ɗa guda, autanta, wanda ko ƙaho bai tsiro ba.

Barewa ta hana Auta zuwa gindin Ɗinya. Kwana huɗu suna yawo cikin busasshiyar ciyawa, har haƙarƙarin yaron ya fito ana iya ƙirgawa. Ta dube shi ta ga in sun zauna yunwa ce, in sun je kibiya ce. Sai ta ɓoye shi cikin gamba, ta tafi wurin Ɗinya ita kaɗai.

Ta gaishe ta gaisuwar da ba ta kai ciki ba, sannan ta ce, "Iya, ciyar da mu kike yi, ko turka mu kike yi wa maharbi?"

Ɗinya ta ji zafin maganar. Ta ce ita ba ta taɓa aika wa Mantau goron gayyata ba. Barewa ta ce to ta kore shi, ko ta sako masa reshe a ka in ya zo. Ɗinya ta ƙi. Ta ce Mantau ma tun yana yaro yake tsintar 'ya'yanta, matarsa kuma tana zuwa ɗibar ɗinkin in sabon ganye ya tofo, kuma ba ta taɓa tambayar mai jin yunwa ko ƙafa nawa gare shi ba. Ta ce gindinta gida ne, kuma gidan na kowa ne.

Barewa ta juya za ta tafi, hawaye na zuba. Sai ta tsaya. Ta ce, "Gida kika ce, Iya? To ni duk zuwan da nake yi sai na yi sallama. Shi kin taɓa jin sallamarsa?"

Maganar ta shigi Ɗinya. Ita dai tsufa ya taɓa mata kunne, duk shekarun nan ta ɗauka yana yi ne a hankali ita ce ba ta ji. Ashe ƙato da gemu yana shiga mata gida kamar akuya.

Washegari da hantsi sai ga Mantau, baka a hannu, kwari a kafaɗa, yana sanɗa. Ɗinya ta bari ya shigo inuwa sosai sannan ta ce, "Mantau, sunan ne ya bi ka, ko sallamar ce ba a koya maka ba?"

Mantau ya razana, amma da ya ga Ɗinya ce sai ya yi dariya. Ya ce ina aka taɓa jin maharbi da sallama. In ya yi wa nama sallama, me zai kai wa yara shida da ke gida suna jiran tukunya? Ya ce ba rashin kunya ba ne, sana'a ce.

Ɗinya ta ce ta ji, kuma ba za ta raba shi da sana'arsa ba. "Amma gidana ba a shiga ba sallama. In bakinka ya yi nauyi, ganyena zai yi maka."

Ya ɗauka surutun tsufa ne, ya yi tafiyarsa.

Da la'asar Ɗinya ta kira Barewa ta gaya mata abin da ta yanke. Amma ta ja mata kunne. Ta ce ganye ba shi da ido, bai san maharbi ba, bai san wanda ake harbi ba, duk wanda ya taka shi zai faɗa. Barewa murna ta hana ta jin ƙarshen maganar. Ta ce ta yarda, ta yarda, a yi kawai.

Sai Ɗinya ta roƙi rana ta gasa mata ganyenta na ƙasa. Kwana uku rana na dukansa har ya yi ƙayau, ya naɗe kamar kunnen tsoho.

A rana ta huɗu Barewa ta kawo Auta. Suna daga gefe inda ganyen bai yi yawa ba, yaron yana ci kamar ba zai bari ba. Mantau kuwa ya hango su tun daga nesa. Ya tuɓe takalmi, ya sunkuya, ya zaro kibiya. Ya ɗaga ƙafa ya sauke a hankali yadda ya saba.

Ƙaras.

Barewa ta ɗaga kai. Ba ta tsaya duba ba, ta bangaji Auta suka zuba a guje. Kibiyar ta bi iska ta cake a jikin Ɗinya. Mantau ya tsaya yana kallon ƙafarsa kamar ba tasa ba. Ɗinya ta ce, "Wa alaikumus salamu."

Barewa ta kwana da farin ciki. Kashegari ta shigo da ƙwarin gwiwa har tsakiyar inuwa, Auta na tsalle a bayanta. Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Mantau yana can bakin fadama yana wanke fuska, bai ma san sun zo ba, sai ganye ya gaya masa. Da ƙyar suka sha a ranar, kibiya ta shafi gashin wutsiyar Auta.

Barewa ta dawo tana huci, ta ce wannan wane irin taimako ne, ganye ya tona mata asiri. Ɗinya ba ta ko girgiza reshe ba. Ta ce, "Na gaya miki, kunnenki ne ya tafi biki. Ke ma baƙuwa ce. Na ba ki ji, ban ba ki gidan ba."

Shi ma Mantau ya zo da nasa kukan, ya ce kwana biyar tukunyarsa ba ta ga nama ba. Ɗinya ta ce ganye ma yana barci. Da sassafe in raɓa ta jiƙa shi, ba ya magana sai rana ta tashe shi. Wanda ya iya sammako, wannan rabonsa ne. Ta faɗi haka a gaban Barewa, don kada wani ya ce an yi masa munafunci.

Daga nan kowa ya san inda dare ya yi masa. Barewa ta zaunar da Auta ta koya masa: ka taka sau ɗaya ka tsaya, baki a ƙasa kunne a sama, in ka ji ƙaras ɗin da ba naka ba, kada ka tsaya neman mai shi. Auta ya riƙe. Ya ci ya ƙoshi a wannan kakar, ya tsiro ƙaho, har ya ga jikokinsa. Mantau ma bai mutu da yunwa ba, sai dai barcin safe ya ƙare masa, wata rana ya samu, wata rana ya koma da baka kawai.

Shi ya sa har yau busasshen ganye yake yi wa kowa sallama, ko yana so ko ba ya so, kuma barewa ba ta cin loma biyu ba ta ɗaga kunne ba.

Shi ya sa kuma nake hana ku share ganyen da ke bayan rumbuna. Jiya da azahar na ji an yi mini sallama sau uku a wajen buhun gyaɗa. Ƙafar ƙarama ce. Tabawa, ba sai kin sunkuyar da kai ba, na riga na amsa.