Kafar Da Tasalla Ta Hana A Faɗaɗa

An yi wani Cilakowa a dajin bakin kogi, sunansa Ɗanliti, tsuntsu mai dogon baki da son a yabe shi. Matarsa Tasalla ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu, to, sai dai a haƙura.

Tare suka fara sana'ar busasshen ɓaure. Shi ya tsinko, ita ta shanya a kan dutse, tsuntsaye su zo su saya lokacin da itatuwa ba 'ya'ya. Kasuwa ta yi albarka har aka fara kiransa Alhajin Ɓaure, ya ɗauki Hankaka aiki. Hankakan nan kuwa kwaɗayi kamar ya kashe shi.

To, Cilakowa suna da wata al'ada. In mace za ta yi ƙwai, sai ta shiga kogon itace, ita da mijinta su liƙe ƙofar da laka, a bar 'yar kafa daidai bakin mijin. A ciki gashin fukafukanta duk zai zube, ko ta so tashi ba hali. Ta kafar nan miji ke miƙa mata abinci har 'ya'ya su yi ƙwari.

Ranar da aka liƙe Tasalla, Ɗanliti ya bugi ƙirji ya ce, "In kika yini da yunwa, a sake mini suna."

Da fari ya cika alkawari, yana kawo fara, yana kawo labarin kasuwa. Sai ciniki ya ƙara buɗewa, su Aku suka fara zuwa sari daga kudu. Zuwan Ɗanliti ya koma da safe kawai, daga nan ya koma sai ya ga dama.

Wata safiya Tasalla ta ga wani baƙin baki kakkaura yana dungurar laka.

"Wane ne nan?" ta ce.

"Ni ne Hankaka, uwar ɗakina. Maigida ya ce in kawo miki kalaci, yana can da baƙi."

Ya tura ɓauren, bakinsa ya ƙi shiga, ɓauren ya faɗi ƙasa. "Ayya, ya faɗi," in ji shi. Ya sauka ya cinye abinsa.

Haka aka yi ta yi. Hankaka yana ƙiba har yana sheƙi, Tasalla tana ramewa. Ga ƙwai sun ƙyanƙyashe, 'ya'ya uku suna ta kukan yunwa, ba abin da take ba su sai tururuwar da ta yi ɓatan kai ta shigo kogon. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ma yunwar ba, wulakancin.

Ana nan sai ga Ɗanliti da kansa, ko sallama babu.

"Tasalla, Hankaka ya ce kin ƙi karɓar abinci."

"Hankaka ya ce? Ka dubi wuyansa, ka leƙo ka dubi nawa."

"Ba ni da lokacin rigima. Kafar ce ta yi ƙanƙanta, zan sa ya faɗaɗa ta."

"Ya faɗaɗa me? Kafar da bakin Hankaka ya shiga, ai kan maciji ma ya shiga. Wallahi ba mai taɓa lakar nan. Bakinka muka auna, Maigida, ba bakin ɗan aikenka ba."

"Duk wahalar nan da nake sha, don wa nake yi?"

"Don masu kiranka Alhaji. Mu nan fara ɗaya muka nema daga bakinka, ta gagara."

Ɗanliti ya kumbura ya ce, "To ki zauna da yunwarki. Da bakinki za ki roƙa a faɗaɗa ta."

"Je ka jira," ta ce.

Kashegari Hankaka ya zo ya fara ƙwaƙular laka. Tasalla ta kai masa sara ɗaya a tushen baki, ya tafi yana ihu, bai ƙara dawowa ba.

Ta daure, ta ci gaba da kamun tururuwa har sabon gashi ya fito mata. Ranar da ta ji fukafukanta sun yi ƙarfi, ta fasa lakar daga ciki ta fito. Ita daga waje, 'ya'yan daga ciki, suka sake liƙe ƙofar. Ta ce musu, "Duk muryar da ba ku sani ba, ku yi tsit. In mai ita ya turo baki, ku sare shi." Ta shiga farautar fara ita kaɗai.

Ɗanliti kuwa bai san wainar da ake toyawa ba. Yana can yana cika wa su Aku baki cewa duk dajin ba gidan da ake ƙoshi kamar nasa. Rannan ya jawo su zuga guda don su ga magadansa.

Ya sauka a bakin kogon, ya gyara murya. "Yara, babanku ne."

Shiru.

Ya zaɓi ɓaure mafi girma ya tura baki. Sara uku ya sha a tare, ya ja da baya yana yarfa baki.

Babban Aku ya karkata kai ya ce, "Anya gidanka ne nan, Alhaji?"

Sai ga Tasalla ta sauka da fara a baki. Kira ɗaya ta yi, kogon ya kaure da murna, 'ya'yan suka karɓe.

"Ke kika zuga su," in ji Ɗanliti.

"Ban zuga kowa ba. Cewa na yi su sari baƙo. Ka tambayi kanka yadda aka yi ka zama baƙo."

Su Aku suka watse suna dariya. Kun dai san Aku, ba ya riƙe magana. Kafin azahar duk kasuwa ta ji cewa 'ya'yan Alhajin Ɓaure ba su san muryarsa ba.

Ɗanliti ya zauna a reshe. Can ya ce, "Yanzu yaya zan yi, Tasalla?"

"Ga ciyawa can, fara na ciki. Ka kamo da bakinka, ka zo ka yi sallama. In yaran sun tashi, tare za mu koma kasuwa, mu raba aikin yadda gida ba zai rasa ɗayanmu ba. In ba ka iya ba, kasuwar ta riƙe ka."

Ya sauka cikin ciyawa, ya yi ta fama har ya kamo fara ɗaya. Ya dawo ya yi sallama, ya tura baki, suka sake saransa. Tasalla tana kallo, ba ta ce su bari ba. Ta ce masa, "Gobe ka zo da wuri."

Darasin wannan labari shi ne, sana'a tana iya tafiya da ɗan aike, amma aure ba ya tafiya da shi. Kome bunƙasar kasuwarka, akwai abin da iyalinka ba za su karɓa daga hannun kowa ba sai naka. Wanda kuma ake neman ya buɗe ƙofar cutuwa don sauƙin wani, yana da ikon ya ce a'a.