Kibiyar da Ta Tokare Taga

Akwai wani maharbi da ake yi wa laƙabi da Walƙiya, saboda kibiyarsa kan isa kafin ido ya bi ta. Wannan yabo ne ya kumbura masa kai. Kullum yana kankare sandar kibiya don ta yi sauƙi, ya sa mata kai mai faɗi don ta burge 'yan kallo, ya yi ta harbin damin ciyawa ana tafi.

Surukinsa, wani tsohon maƙeri, ya ƙera masa kibiya mai nauyi da siririn kai.

"Ɗana," in ji maƙerin, "gudu yana kai kibiya, amma nauyi ne ke shigar da ita. Mara nauyi tana gamuwa da ƙashi sai ta tsaya. Kai mai faɗi kuma nama da yawa yake yanka, ƙarfinsa ya ƙare tun a baki."

"Baba, wannan ai taɓarya ce," in ji Walƙiya yana dariya. Ya kai ta ɗakin injin ban-ruwa na lambunsa, ya tokare taga da ita.

Wata safiya ya tarar da ƙaton aladen daji yana ɓarna a lambun. Ya ja baka ya saki. Kibiya ta sami kafaɗa daidai, amma yatsa biyu kawai ta shiga, ta tsaya tana lilo. Ta biyu ma haka. Aladen ya juyo ya yo kansa.

Walƙiya ya ruga ɗakin injin. Ƙofar ba ta da sakata, sai ya danne ta da baya, ya kafa ƙafafu. Ɗakin ƙarami ne, ga warin mai, ga kwanon rufi ya ɗau zafi. Aladen ya yi ta dukan katako. Can a taga kuwa ga kibiyar surukinsa, taku uku kacal, amma in ya ɗaga bayansa ya mutu. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Abin tausayi, haka ya yini yana kallon taɓaryar da ya raina.

Wajen la'asar katakon ƙasan ƙofar ya ɓalle, hauren aladen ya shigo ya tsarge masa agara.

A lokacin ne maƙerin ya iso, don 'yarsa ta ce mijinta bai dawo ba. Ya ja wani tsohon baka da ya zo da shi. Ya saki kibiya ɗaya mai nauyi. Ta shiga ta haƙarƙarin aladen, ta ɓullo ɗaya gefen.

Walƙiya ya rayu, amma ƙafar ba ta ƙara ɗaukarsa zuwa farauta ba. Sanda yake dogarawa yanzu, kuma da kansa ya roƙi maƙerin ya yi masa sanda mai nauyi.

Darasin shi ne, kada tafin 'yan kallo ya sa ka raina shawarar wanda ya san aikin. Abin da ka gwada a kan ciyawa bai gama gwaji ba sai ya gamu da ƙashi.