Hoton da Kaka Sjef Ya Jira Shekara Tamanin

Akwai wata yarinya a ajinmu mai suna Noortje, jama'a ku tsaya ku ji, don yau ɗin nan abin ya ƙarasa!

Noortje ta fi kowa sauri a kwamfuta. Kafin malama ta rufe baki ta samo amsa, shi ya sa ake kiranta Minti Biyu. Ita kuwa har wani ɗaga kai take yi.

Malama Ilse ta ba da aikin bincike. Kowaɗanne ɗalibai biyu za su nemo hoton soja ɗaya daga cikin sojojin Amurka da ke kwance a maƙabartar bayan ƙauyenmu, nan lardin Limburg, waɗanda iyalan yankin suka ɗauki nauyin kaburburansu tun bayan yaƙin duniya na biyu. Aka haɗa Noortje da Wies, yarinyar da sai ta karanta abu sau uku kafin ta yarda.

Sojansu shi ne Orville Tackett. Mai kula da kabarinsa kuwa Kaka Sjef ne, maƙwabcin su Noortje. Tun yana ɗan shekara takwas yake kai furanni tare da mahaifiyarsa. Har ya kai shekara tamanin da takwas yana kiransa yayansa, amma bai taɓa ganin fuskar mutumin ba.

Noortje ta buga sunan. Sai ga hoto, saurayi cikin kakin soja.

"An gama!" in ji ta.

Wies ta ce, "Tsaya mana mu duba shekarar haihuwa da lambarsa ta soja."

"Ke dai kunkuru ce. Suna ɗaya, kaki ɗaya, me kuma kike nema? Takardar asibitin da aka haife shi?"

Ta buga hoton a takarda, ta hau keke, sai gidan tsohon.

Allah sarki! Kaka Sjef ya share tabarau, ya daɗe yana kallo, hawaye na bin kumatunsa. Ya ce, "Ashe haka kake, yayana." Ya yanka wa Noortje kek mai 'ya'yan itacen ceri har yanka biyu, ya sa hoton kusa da na marigayiyar matarsa.

Ranar gabatarwa Malama Ilse ta tambaya, "Daga ina hoton ya fito?"

Noortje ta buɗe shafin a babban allon aji. Wies ta ce a hankali, "Gangara ƙasa."

Aka gangara. Mai hoton ya rasu a 1991, a gadonsa, dillalin motoci ne mai jikoki tara. Sunan ne kawai ya zo ɗaya.

Malama ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ke kika kai masa, ke za ki je ki karɓo."

Noortje ta daɗe a ƙofar gidan kafin ta danna ƙararrawa. Da ta faɗa masa, tsohon ya ciro hoton da kansa.

"Wato mako biyu ina gaida dillalin motoci da safe?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Share hawayenki, 'yar nan. Je ki nemo na gaskiyar. Amma ki ɗan hanzarta, ba zan ƙara wata tamanin ɗin ba."

Washegari ta ja kujera kusa da Wies. "Kunkuru, ki koya mini."

Mako bakwai suka yi. Rajistar sojoji, tsofaffin jaridu, wasiƙa goma sha ɗaya zuwa ɗakunan karatu a Amurka. Duk abin da suka samu sai sun ga ya dace da lambar sojan. Daga ƙarshe wata ma'aikaciyar ɗakin karatu ta haɗa su da 'yar ƙanwar Orville, wadda ta ce za ta duba akwatin mahaifiyarta.

Ranar Alhamis da ta wuce Kaka Sjef ya rasu.

Hoton kuwa yau Litinin ya iso, muna tsakiyar darasi! Yaro ɗan shekara sha tara, mai manyan kunnuwa da wushirya, yana ta dariya. A bayan hoton ga lambarsa, daidai da ta jikin rajista. Aka yi ta tafi, Noortje ita kaɗai ta kifa kai a tebur.

Ana tashi suka hau keke ita da Wies zuwa sabon kabarin Kaka Sjef. Furannin jana'iza ko bushewa ba su yi ba. Noortje ta durƙusa ta jingina hoton.

"Kaka, ga yayanka. Sau uku na duba."

Darasi: Amsar da ta fara fitowa a allo ba lalle ita ce gaskiya ba. Ku duba tushe, ku saurari mai cewa a tsaya, domin abin da kuka ɗauko cikin minti biyu wani ya yi rayuwarsa duka yana jiransa. Ku tura wa duk ɗalibin da kuka sani, da malaminsa ma.