Kwalbar da Nahla Ta Binne a Ƙofar Gida

A unguwar Adarawo cikin Yola akwai wata yarinya mai suna Nahla. Marainiya ce, ƙanin mahaifinta Bappa Ishaku ne ya riƙe ta tun tana rarrafe, ya sa ta boko har ta kai babbar makaranta a Jimeta. Yarinyar akwai ƙwaƙwalwa, wannan kam ba mai musu. Ciwonta ɗaya ne, girman kai. Tun tana ƙarama ba a taɓa jin bakinta ya ce "ni na yi" ba. In ta fasa kofi, kyanwa ce. In tuwo ya ƙone, iska ce ta hura wutar. Da karatu ya yi nisa kuwa sai ta sa wa mutanen gidan suna, wai "mutanen da".

Shekarar da 'yan Boko Haram suka ci Mubi da Michika, jama'a suka kwararo Yola, wasu a mota, da yawa a ƙafa. Gidaje suka buɗe ƙofa. Bappa Ishaku ya ɗauko wata tsohuwa mai suna Edna, matar marigayi Absalom, abokin aikinsa na shekara ashirin a ma'aikatar gona. Kirista ce daga duwatsun Michika. Ta iso da zane ɗaya da kumburarrun ƙafafu, 'ya'yanta maza biyu kuwa ko inda gawarsu take ba ta sani ba. Aka ba ta ɗan ɗakin da ke jikin zaure.

Ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Tana soya gyaɗa, tana yi wa yara kitso, in wani ya kama tari ta gangara bakin Binuwai ta tsinko ganye ta dafa masa. Idan tana aiki takan yi magana ita kaɗai da yarensu, tana kiran sunayen 'ya'yanta. Jikar Bappa, Basma, 'yar shekara shida, ɗiyar ɗansa Umair da matarsa Khadijah, ta maƙale mata, kullum tana gindinta tana cin gyaɗa. Nahla ma ta sha kitso a hannunta. Tsohuwar tana kiranta Barista saboda yawan gardama.

To, a waya ne Nahla ta haɗu da abin da ya ɗauke mata hankali. Wasu matan Turawa ne da ke kiran kansu mayu, ba kunya ba tsoro, suna cewa addininsu Wika. Wai maita ba cin mutum ba ce, sanin ganye ce da girmama ƙasa da ruwa da farin wata, wai tsofaffin mata masu hikima ne aka ɓata wa suna tun zamanin da. Suna kunna kyandir, suna zuba gishiri su zagaye kansu, hotunansu gwanin kyau. Nahla ba ta bar salla ba. Abin da ya ja ta shi ne yau ta san wani abu da duk Adarawo ba wanda ya sani.

Ta nuna wa ƙawarta Peculiar, 'yar ajinsu, a cikin keke Napep suna dawowa daga makaranta.

"Kin gani? Ilimi ne. Mu ne dai muke cikin duhu."

"Madam Farfesa," in ji Peculiar, "waɗannan in sun ce su mayu ne, tafi ake yi musu. Ke je ki faɗi haka a bakin kasuwar Yola, mu ga ko za ki koma gida da haƙoranki."

"Matsalarku ke nan, tsoro."

"Na yarda. Tsoron ne ya kawo ni yau da raina. Goge abin nan, abeg."

Ba ta goge ba. Da bam ya tashi a kasuwar Jimeta, tsoro ya cika gari, uwa ba ta sakin hannun ɗanta ko zuwa shago. A lokacin ne Nahla ta ga matan nan suna koyar da kwalbar tsari. A samu kwalba, a zuba gishiri da allurai da ƙusa mai tsatsa, a sa gashin wanda ake son karewa da sunansa a takarda, a toshe bakin da kakin kyandir, a binne a ƙofar gida. Wai duk sharrin da ya nufo gidan zai soke a jikin alluran. Gaskiya dai Nahla tana son Basma. Ta tsinci gashinta a matsefi, ta rubuta sunanta da hannunta.

Ranar wata Asabar gidan duka suka tafi suna a Mbamoi, ita ta ce tana da karatu. Da hantsi ta ɗauki fartanya ta haƙa rami a bakin ƙofa, taku biyu daga ɗakin Edna. Tana cikin haƙa tsohuwar ta dawo daga kogi da ganye a kanta.

"Barista, me kake binnewa?" Hausarta ta mutanen dutse ce, ba ta raba mace da namiji.

"Tsari ne, Kaka. Ba za ki gane ba, na zamani ne."

Edna ta sauke ganyen, ta sunkuya ta leƙa kwalbar.

"Na gane allura, na gane gashi. Kakana ya yi tsafi a kan dutse, ni nake share masa wurin ina yarinya. Ko shi ba ya taɓa gashin yaron mutane. Ɗauke shi ka jefa a kogi."

"Wancan tsafi ne, wannan ilimi ne. A Turai ake yi."

"To ka kai shi Turai ka binne. Nan ƙofar ɗakina ne."

Nahla ta yi dariya, ta mai da ƙasa, ta tattake da ƙafa. Tsohuwar ba ta faɗa wa kowa ba. Baƙuwa ce mai cin tuwon gidan, ta ina za ta fara kai ƙarar 'yar gida? Wata tara suka wuce. Nahla ta gaji da Wika kamar yadda ake gajiya da sabon takalmi, kwalbar ma ta manta da ita.

Sai bazara ta shigo da irin zafin nan na Yola da ke hana mutum taka ƙasa. Basma ta tashi da zazzaɓi. Washegari wuyanta ya sanƙare, ba ta son haske, ta fara sambatu. Cikin sambatun take kiran wadda ta saba kira kullum: "Kaka Edna, Kaka Edna."

Yayar Bappa, wadda kowa ke kira Gogo, tana zaune a bakin gadon. Ta miƙe tsaye.

"Kun ji da kunnenku. Ta kama suna."

A wajen mutanenmu, wanda maye ya kama wa kurwa shi ke faɗin sunan mai kamun. Gogo ta sa aka birkice ɗakin Edna, ba a samu komai ba sai ganye da Littafi Mai Tsarki da ba ta iya karantawa. Ta ce a tona bakin ƙofa, nan ake binne asiri. Umair ya sara sau huɗu, a na biyar fartanya ta yi ƙara a jikin kwalba.

Aka fasa ta a tsakar gida. Ga allurai, ga ƙusa, ga gashin yaro, ga takarda da sunan Basma. Khadijah ta ɗora hannu a ka. Kafin a ce me, zaure ya cika da maƙwabta.

"Adda, mu bi a hankali," in ji Bappa Ishaku. "Matar nan ba ta iya rubutu ba. Ko sunanta da yatsa take dangwalawa."

"'Yan cocinsu fa? Duk Lahadi ina take zuwa? Kai ka kwaso mana ita, yanzu kuma kai ne lauyanta."

Bappa ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya miƙa wa Nahla.

"Ke ce mai boko. Duba mana, kin san hannun nan?"

Nahla ta karɓa. Rubutunta ne, har da 'yar lanƙwasar da take yi wa harafin farko don ado. Ta dubi zauren. In ta buɗe baki, kafin la'asar duk Adarawo sun ji cewa 'yar Bappa Ishaku mai babbar makaranta tsafi take yi. Wa za ta tsaya ta yi wa bayanin Wika? Ita da take kiransu mutanen da, yau ita za su nuna da baki. Edna tana tsaye jikin bango tana kallonta. Ba roƙo a idonta, jira kawai take yi.

"Ban san shi ba, Bappa," in ji Nahla. Sai ta ƙara da ƙaramar murya, "Amma mu kai ta asibiti, kamar sanƙarau ne."

"Asibiti na cire allura daga kurwa?" in ji Gogo. "Matar nan ta tsallake ta."

Haka al'adar take, sai maye ya tsallake marar lafiya sau uku kafin ya saki kurwar da ya kama. Aka shimfiɗa tabarma, aka kwantar da Basma a tsakar gida. Mata suka fizge ɗankwalin Edna da rigarta, suka bar ta da zane, furfura a waje, mutanen unguwa suna kallo.

"Zan tsallaka," in ji tsohuwar. "In zai sa ku kai shi asibiti, sau goma ma zan tsallaka."

Gwiwoyinta sun lalace tun tafiyar gudun hijira. Ta tsallaka na farko, ta tsallaka na biyu, a na uku ta faɗi a kan hannunta. Khadijah na kuka tana cewa, "Me na yi miki? Ni ke zuba miki abinci. Sakar min 'yata." Wani daga waje ya jefo dutse, ya fasa wa tsohuwar goshi. Nahla tana tsaye da takardar a hannu.

Samarin unguwa suka ce in Edna ta kwana a gidan za su ƙona zauren. Bappa ya ɗaure mata 'yan kayanta a leda da kansa. Da ta zo fita ta tsaya gaban Nahla, jini na bin gefen idonta.

"Barista," ta ce a hankali, "yau ba gardama?"

Nahla ta sunkuyar da kai. Tsohuwar ta wuce.

Gogo ta ce a jira, kurwa ba ta dawowa da gaggawa. Aka jira yini guda da kwana. Sai da yarinyar ta fara fizge-fizge Umair ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi asibiti. Sanƙarau ne. Ta rayu, amma kunnuwanta biyu sun mutu. Likita ya ce da an kawo ta da wuri da ba haka ba. Gogo ta ce da matar ba ta tsallaka ba, da gawa aka dawo da ita.

Ita kuwa Edna, labari ya riga ta isa ko'ina. Matan gudun hijira da ke kwana a harabar cocinsu suka ce ba za su haɗa ta da 'ya'yansu ba. Ta shiga mota ta koma ƙauyensu, inda ba abin da ya rage sai ƙonannun bangaye. Can ma waya ta kai sunanta kafin ta sauka. Da damina ta yi tsakiya, wani mutumin garinsu mai kawo wake Jimeta ya tsaya ya gaya wa Bappa cewa an tsince ta a ɗakin mijinta marar rufi. Ta kwana uku da mutuwa ba wanda ya leƙa.

Ran nan ne Nahla ta kasa daurewa. Ta fito tsakar gida ta durƙusa, ta faɗi komai, tun daga wayar har matsefin.

Gogo ta dube ta sama da ƙasa.

"Kun gani ko? Ta mutu ma ba ta bar mu ba, ta shiga bakin yarinya. A nemo malami ya yi mata ruƙiyya."

"Gogo, wallahi ni ce. Edna ta ce in jefa a kogi na ƙi."

"Yi shiru, 'yar nan. Ba ke ke magana ba."

Khadijah ta ja Basma cikin ɗaki ta rufe ƙofa. Ita ma ba ta yarda ba, don in ta yarda, sai ta tuna da bakin wa aka tsine wa tsohuwar. Bappa Ishaku kaɗai ya rage a kan tabarmarsa, carbi a hannu ba ya ja.

"Ni na kama hannunki kika fara rubutu," ya ce. "Na gane shi tun a kallon farko. Na miƙa miki don ki faɗa da bakinki. Kika yi shiru, ni ma na yi shiru, don ke tawa ce ita kuwa ba ta da kowa. Tashi. Ba ni za ki roƙa ba, wadda za mu roƙa an rufe ta."

Yau Nahla tana aiki a Jimeta, tana da miji da 'ya'ya. Basma ta zama budurwa, da hannu ake yi mata magana. A layin gidan Bappa kuwa har yanzu in yaro ya ƙi shiga gida, da mayyar Michika ake tsorata shi.

Darasin da ke cikin wannan labari, 'ya'yana, ba ɓoyayye ba ne. Ba duk abin da ya yi kyau a waya ake kwasowa a kawo gida ba. Allura da gashi a kwalba tsafi ne ko da wane yare aka koya maka shi, tsari kuwa na Allah ne. Yaro in wuyansa ya sanƙare, asibiti ake kai shi, ba a neman tsohuwar da za a ɗora wa. Kuma ku ji tsoron Allah a kan baƙon da ba shi da mai tsaya masa, don shi ake fara nunawa in gida ya rikice. Amma babban abin da nake so ku riƙe shi ne, in kun yi kuskure ku faɗa a ranar da faɗin zai ceci wani. Nahla ta faɗi gaskiya, sai dai ta faɗe ta bayan ta daina amfani. Kunyar yini ɗaya ta guda, ta bar tsohuwa ta mutu da sunan da ba nata ba.