Mazarin Ya Gana

Akwai wata tsohuwa a Azare, zamanin da mota ba ta yawaita ba, ana ce mata Ya Gana. Iyayenta daga Barno suka zo. Tun tana budurwa kaɗi ne sana'arta, har masaƙan Katagum sun san zarenta.

Da tsufa ya yi nisa sai ta fara ruɗewa. Ta manta ta ci abinci, ta manta sunan ɗanta Umara. Amma kullum in ta idar da sallar asuba sai ta jawo mazari da alli ta hau kaɗi. Zaren dai ya lalace, nan kauri nan siriri.

Wata rana wani abokin fataucin Umara ya tsokane shi a kasuwa: "Kai da jakuna har da raƙumi, amma tsohuwarka tana kaɗi? Ko tuwon ne ba ya isa?"

Umara ya dawo gida ransa a ɓace. Ya ɗauke mazarin ya soke a rufin zaure. Ya ce wa matarsa Zuliha, "Daga yau Iya ta huta. Ko buta kada ta ɗauka. Ki ba ta abinci a baki."

Shi a ganinsa tausayi ne. Ba tausayi ba ne, kunyar mutane ce.

Ya Gana ta rufe bakinta. A kawo fura ta kau da kai. Yatsunta kawai ke murza iska. Sai ta fara fita tana tambayar masu wucewa ko sun ga kayanta. Ran nan wasu manoma suka tsinto ta a hanyar Giade, ƙafa duk ƙaya.

Umara ya ce zai sa wa ɗakinta sakata.

Zuliha ta durƙusa ta ce, "Maigida, ka yi haƙuri. In ka kulle Iya ba za ta kai kaka ba. Ba yawo take yi ba, mazarinta take nema."

"Zaren da ba mai saye?"

"Ai ba don a saya ba ne. Shi kaɗai ya rage da ba ta manta ba."

Sai Umara ya tashi ya zaro mazarin da kansa.

Da aka ajiye mata, ta dangwali alli ta murza, ya hau juyawa. Jim kaɗan ta ɗago ta harari Zuliha: "Ke yarinya, haka ake barin mai aiki da yunwa?" Aka kawo fura, ta karɓi ludayin ta sha da hannunta.

Daga nan Zuliha ta canza. Ta ajiye mata buta kusa ta bar ta ta yi alwala. Ta kawo zane biyu ta ce ta zaɓa. In ta zubar da miya, a goge, ba magana.

Umara kuwa ya tara zaren nan mai gargada, ya sa aka saƙa masa riga. Ya saka ya shigo gaisuwa. Tsohuwa ta kama hannun rigar ta shafa.

"Yaro, wa ya ba ka zarena?"

Idonsa ya cika. Ya ce, "Uwata ce ta ba ni."

Ta ce, "To ka riƙe ta da kyau." Ta koma kan kaɗinta.

Darasi: Tsohon da ya ruɗe bai mutu ba. Abin da hannunsa ke iyawa ku bar shi ya yi, ko da bai yi kyau ba. Ku dai tsaya kusa. Kada surutun kasuwa ya sa ku mai da iyayenku kayan ajiya. Duk wanda ya ji wannan, ya kai shi gidan da ke da tsoho.