Ƙafar da Ta Ƙi Tsayawa

An taɓa yin wani mutum mai gyaran firiji, ya 'yan uwa, siriri, marar hayaniya. Shago ɗaya suke da yayansa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Yayan ne ya koya masa sauraron kwamfresa, wato injin firiji, da kunne har ya gane ciwonsa, da liƙe bututun tagulla ba tare da ya ƙona roba ba. Shi mai firijin yana da mata, yana da 'ya ɗaya.

Wata rana wani direban babbar mota ya tare musu ƙofar shago. Mai firiji ya fita ya roƙe shi ya ɗan matsa gaba. Direban ya sauko ya wanke shi da mari a gaban jama'a, a gaban 'yarsa da ta biyo ta shagon daga makaranta. Mai firiji ya juya. Ya koma ciki ya zauna. Amma marin nan ya yi wata da watanni yana ƙara a kunnensa.

Marin ne ya kai shi ajin karate. A saman wani ɗakin ajiyar kaya ake yi, ɗaki mai faɗi da shimfiɗar roba. Malamin wani dattijo ne da ya yi ritaya daga gidan waya, gajere, mai sanyin murya. In ka gan shi a hanya da kaya, sai ka ce bari ka karɓar masa.

Ranar farko malam ya miƙa masa tsintsiya. Mai firiji ya dubi tsintsiyar, ya dubi malam. Shi da ya zo koyon duka, me ya haɗa shi da shara? Ya dai share. Daga nan aka shiga karanta masa dokoki. Za ka gaida abokin karawarka kafin ku fara, ka gode masa bayan kun gama, ko da ya kayar da kai. Ba ka yin ƙarya. Ba ka fara kai wa kowa hannu. In akwai hanyar wucewa, ka wuce. Wadda ta fi ɗaure masa kai ita ce ta ƙarshe: za ka saki naushi da dukkan ƙarfinka, amma ka tsayar da shi saura faɗin yatsa biyu ya taɓa fuskar mutum.

Ya daure na wata uku, sannan ya tambaya. "Malam, ni fa ban gane ba. In ba za mu yi dukan ba, me ya sa muke koyonsa?"

Malam ya ce, "Don ka san abin da ke hannunka. Ina so ka riga kowa jin tsoronsa."

Mai firiji ya gyaɗa kai, amma bai gane ba. A ransa ya ce irin maganar tsofaffi ce. Ya ɗauki dokokin nan kamar takardar da ake sakowa cikin kwalin sabon firiji, wadda ba mai karantawa.

Allah kuwa ya ba shi baiwa. Cikin shekara biyar ba wanda ya kai shi sauri a ajin. A gida matarsa tana tsokanarsa, in ta wanke farin kayan horon sai ta ce, "Ga kayan barcinka nan sun bushe." A shago yayan yakan ce, "Ƙanena, zo ka naushi kwamfresan nan ko zai ji tsoro ya tashi." A lokacin yana dariya tare da su.

Sai ranar jarrabawar baƙar ɗamara ta zo, ɗamarar da ake ɗaura wa wanda ya ƙware. Ya fasa katako uku a jere. Aka haɗa shi karawa da wani ma'aikacin jinya, mutum mai ƙiba, mai nawa. Mai firiji ya ga kafa, ya saki hannu, bai tsayar ba. Hancin mutumin ya fashe, jini ya ɓata shimfiɗa.

Malam ya ɗaura wa ma'aikacin jinyar ɗamara, da auduga a hancinsa. Shi kuwa aka ce masa ya dawo baɗi.

Kansa ya ɗaure tamau. Wa ya yi nasara? Wa ya zubar da jini? Ya bi malam har bakin matakala yana tambaya. Malam ya ce, "Sau uku ya samu haƙarƙarinka a buɗe. Ka ji wani abu?"

"Ban ji ba."

"To, abin da na gwada ke nan."

Ya 'yan uwa, a nan Allah ya buɗe masa ƙofa. Da ya zauna ya yi tunani, da ya tsira. Amma girman kai yana toshe kunne. Ya yanke cewa hassada ce, tsoho ya ga wanda zai fi shi. Bai sake taka matakalar nan ba. Ya shiga shagon kayan wasanni ya sayi baƙar ɗamara, ya dawo gida ya ce wa matarsa an ba shi. Ƙaryar farko ke nan.

Daga nan hannu ya fara fita. Wani mai babur ya goge shi a lungu, mai firiji ya karya masa haƙori. Wani maƙwabci ya yi masa magana kan ruwan wanki da ke bi ta ƙofarsa, ya murɗe masa hannu har sai da ya durƙusa. Unguwa ta canza masa. In ya doso, ana tashi daga benci. Ana gaishe shi tun daga nesa. Ya ce, to, ga girman da ya daɗe yana nema.

Amma wani abu ya riƙa damunsa, ya kasa sa masa suna. Matarsa ta daina tsokana, sai dai ta ninke kayan ta ajiye. 'Yarsa, da ke rugowa ta karɓi jakar kayan aikinsa, yanzu in ta ji takunsa sai ta shige ɗaki da littafinta. Me ya yi musu? Bai taɓa ɗaga musu hannu ba. Ba don su ya koyi abin nan ba? Yakan zauna a tsakar gidansa, kowa na lallaɓawa, ya rasa dalilin da ya sa gidan ya yi masa kamar ɗakin jiran likita.

Yayan ya zaunar da shi wata safiya kafin su buɗe shago. Ya ce, "Ƙanena, ni na goya ka, zan faɗa maka abin da wasu ke tsoron faɗa. Mutanen da ke gaishe ka, addu'a suke ka wuce lafiya. Ka koma wurin dattijon nan."

Ya ce, "Yaya, so kake a ci gaba da marina?"

"Wa ya mare ka a shekara shidan nan? Mutum ɗaya ya mare ka, kai kuma kana ramawa a kan duk wanda ka samu."

Mai firiji ya tashi ya bar masa wurin.

Bayan kamar mako biyu, da tsakar rana, wani mai sayar da kifi ya shigo shagon yana faɗa. Firizar da mai firiji ya gyara masa ta mutu, kifinsa duk ya lalace. Mutumin yana da gaskiya, don mai firiji ya yi gaggawa a wurin liƙin, gas ya zube. Faɗa yake da baki, hannuwansa a buɗe. A cikin zafin rai ya ce, "Ka bar wasan tsalle-tsalle ka koyi aikinka."

Mai firiji ya ja da baya, ya juya, ya saki ƙafa. A daidai nan yayan ya shiga tsakani yana cewa a yi haƙuri.

Ya gan shi, ya 'yan uwa. Ya ga furfurar gemunsa, ya ga hannun da ya ɗaga. Akwai ɗan lokaci kamar ƙiftawar ido, wanda ya ishi ɗalibin da ya koyi tsayawa. Zuciyarsa ta ce tsaya. Ƙafar ba ta san wannan kalma ba, don bai taɓa yarda ta koya ba. Ta sami yayan a gefen wuya, ya faɗi, ƙeyarsa ta bugu da kusurwar firiza.

Yayan bai mutu ba. Ya tashi da shanyewar ɓarin jiki, harshe ya karye. Mai firiji ya yi shekara uku a gidan yari. Aka rufe shago, aka sayar da kayan aiki don jinya. Matarsa ta ɗauki 'yarsu ta koma gidan iyayenta. A cikin kurkuku magana ɗaya yake maimaita wa duk wanda ya zauna kusa da shi: "Ni fa ba shi na nufa ba." Kamar da mai kifin ya samu, da komai daidai ne.

Da ya fito, gidan yayan ya fara zuwa. Matar yayan ta buɗe masa ƙofa, ba ta amsa gaisuwarsa ba, ta dai nuna masa ɗaki. Ya tarar da yayan a kwance, ya rame, matashi ya zame daga ƙarƙashin kansa. Ya miƙa hannu zai gyara masa. Yayan ya runtse ido, ya ɗaga hannun da ya rage masa ya kare fuskarsa.

Mai firiji ya tsaya da hannu a sama. Ya rasa ko ya janye, ko ya ƙarasa.  Sai matar yayan ta shigo ta gyara matashin da kanta, ta ce, "Ka ga, ka tayar masa da hankali. Je ka."

Ya 'yan uwa, laifin karate ne? A'a. Ajinsu ɗaya da ma'aikacin jinyar nan, malaminsu ɗaya. An ba shi ilimi tare da ladabinsa, ya ɗauki ilimin ya zubar da ladabin. An koya masa gaskiya, ya sayi ƙarya ya ɗaura a ƙugu. An koya masa haƙuri, ya kira shi rauni. Ya ga tsoro a idon mutane, ya ɗauka girma ne.

Kowannenmu yana da irin wannan ƙafa. Ta wani harshensa ce, ta wani muƙaminsa, ta wani iliminsa. In ba ka koya mata tsayawa a ranar da kake cikin hankalinka ba, ba za ta saurare ka a ranar fushi ba. Kuma sau da yawa wanda zai shiga tsakani, mai ƙaunarka ne.

Allah ya ba mu ikon riƙe abin da ya ba mu iko a kai. Allah ya kiyaye mu daga girman kai da fushin da ke rufe ido, ya kiyaye na kusa da mu daga sharrin hannuwanmu. Amin.